Dala ɗari ba ɗari ba ce: kwana shida a Maraɗi da yara uku

Jiya da la'asar muka sauka Kano. Jakar ƙarshe ma ban kwance ta ba, wanki ya cika baho biyu yana jirana, amma bari na rubuta tun abin bai huce ba, don ƙawayena uku sun riga sun kira suna tambayar ko ana iya zuwa Maraɗi da ƙananan yara. Ana iyawa. Sai dai ki koyi ƙirgen dala tun daga gida, kar ki sha kunyar da na sha a tsakiyar kasuwa.

Gwaggon maigidana ce a can, ƙanwar mahaifinsa, aure ya kai ta tun kafin a haife shi. Shekara takwas da aurenmu, ban san ta ba sai murya. Bana ta aiko cewa ta gaji da ganin jikokinta a WhatsApp, in kuma jira muke ta mutu mu zo gaisuwa, to mu faɗa mata ta sani. Wa zai ja da wannan? Ana ba da hutun Disamba muka ɗaura kaya: ni da shi, da babban yaron mai shekara 7, da Ummi mai 4, da Auta da ke goye, wata 10.

Kano zuwa Katsina babu labari. Muka kwana gidan wansa, da safe muka jira rana ta ɗaga sosai, don hanyar Jibiya ba a yi mata sammako, ba a kuma yin dare a kanta, kowa ya san dalili. Dabara ɗaya da na yi wadda har yanzu nake yaba wa kaina: na sa ya biya kujerar baya gaba ɗaya. Kuɗin ya yi masa ciwo, ya yi ta ƙunƙuni, amma duk wadda ta taɓa rungume yaro mai amai a cinyarta, an matse ta tsakanin baƙi biyu, ta san abin da muka saya. Shingayen hanya na fara ƙirgawa, na gaji na bari. Ummi kuwa kowane mai kaki sai ta ɗaga masa hannu kamar matar gwamna. Babban ya hango inda ake aikin layin dogo, babansa ya ce masa jirgin ƙasa ne zai tashi daga Kano har Maraɗi, tun 2021 aka ƙaddamar da aikin. Tun daga nan tambayar ba ta sauka daga bakinsa ba: to don me ba mu jira jirgin ba?

A wani shinge wajen iyaka, ba zan ce ɓangaren wa ba, wani matashi mai kaki ya karɓi takardunmu ya ce me zai nuna masa yaran nan namu ne. Tambayar ba laifi ba ce, ana satar yara, ni ma uwa ce. Na ciro takardun haihuwarsu da katin rigakafi daga ledar da na naɗe su tun Kano. Ya jujjuya ta Auta, ya ce ina hotonta. Maigidan ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar haihuwa ai ba a sa mata hoto." Ya ce au, aikinsa za a koya masa? Ya cusa takardun a aljihu ya koma kan bencinsa. Muka tsaya cikin iskar hunturu, ƙura na shiga ido, sauran fasinja na tsaki, direba na yi wa maigidan raɗa. Can Ummi ta ja zanena ta ce da iyakar muryarta, "Mama, kashi!" Allah ya so na taho da fo, na girka mata shi a bayan mota, motoci na wucewa. Auta ta tashi da kuka, na zauna a bakin ƙofa na yafa mayafi na ba ta nono. Sai wata tsohuwa da ke gidan gaba, wadda tun Katsina ba ta ce uffan ba, ta leƙo ta ce, "Kai yaro, ba ka ga nononta take sha ba? Wace takarda ce ta fi wannan?" Har abokan aikinsa suka yi dariya. Ya miƙo takardun bai kalli kowa ba. Har muka rabu da tsohuwar a tasha ban san sunanta ba, Allah ya saka mata.

Canji kuma shi ne ya fara sanyaya mini gwiwa. Damin naira muka miƙa, aka ba mu 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Jika ɗaya ta sefa, wato dubu, ta haura naira dubu biyu. Maigidan ya yi ta girgiza kai yana tuna lokacin da mutanen Nijar ke neman naira ido rufe. Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi yaran duk barci suka yi, ni ma.

Gidan Gwaggo a unguwar Zariya yake, abin da ya ba ni dariya, mun yi arewa kwana biyu mun ƙare a Zariya. Tsakar gida mai faɗi, yashi fari tas an share, bishiyar darbejiya a tsakiya, jajayen awakin nan da aka san Maraɗi da su a ɗaure a gefe. Ban gama durƙusawa ba ta kwance Auta daga bayana, ta ce, "Amarya, kun zo lahiya? Tashi, tashi, ɗiyan nika so, ba ke ba." Shekara takwas da 'ya'ya uku, amarya. Ta juya kan babban ta ce ga angonta ya zo mata hannu rabbana, ko turmin zane babu, ta fasa auren. Yaron ya ɓuya a bayan babansa. Aka kawo fura, su hura suke cewa, a ƙwarya da ludayi, gero zalla da nono mai kauri. Ni da nake taƙama da furar da nake saya a leda a Kano, sai na yi shiru na sha.

Hausa ɗaya muke ji, amma kwana biyun farko kamar kurma nake. Jikokin gidan suka tambayi babban ajinsa nawa a lakwal, ya tsaya yana kallonsu. Makaranta ke nan, malami kuma mushe. Ɗan acaɓa kabu-kabu. Daren na biyu jikin Auta ya yi zafi, Gwaggo ta taɓa ta ta ce gobe a kai ta likita. Na ce wane likitan, Gwaggo, akwai wanda kuka saba da shi? Ashe asibitin ne da kansa ake kira likita. Surukarta ce ta raka ni, a hanya take gaya mini tun 2006 gwamnatinsu ta mayar da duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. An yi mata gwajin zazzaɓin sauro babu, mura ce ta hunturu da haƙori, muka sayi abin da aka rubuta muka dawo. Takardar duk Faransanci ce, surukar ce ta zana mini da biro: safe, rana, dare.

To, kasuwa. Litinin da Juma'a ne take ci sosai, muka je ran Litinin, ni da babban da Ummi da wata jikar Gwaggo 'yar shekara 12 da aka haɗa mu da ita. Ta tsaya gaisawa da wata ƙawarta, ni kuma na ga takalman roba na yara masu fure, Ummi ta maƙale. Na ce nawa. Ya ce, "Ɗari uku." Na yi lissafi a zuci, sefa 300, ko da wannan mugun canjin ai bai kai naira dubu ba. Ko tayi ban yi ba, ni Bakanuwa, wadda a Kwari nake yi wa 'yan kasuwa rabin kuɗi ba kunya. Na ce na saya, na sa mata a ƙafa, na ƙirgo tsaba uku masu 100 na miƙa. Mutumin ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni.

"Hajiya, wanga dala sittin ce."

Na ce malam, ga 100 nan a rubuce, har uku. Ya kira maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira wani, kafin ka ce kwabo an kewaye ni ana murmushi, wani na cewa 'yar Najeriya ce, a yi mata bayani. Bayanin shi ne: su ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya. Dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Tsabar da aka rubuta wa 100 sunanta dala ashirin. Mai 50 dala goma. In an ce ɗari, 500 ake nufi. Ɗari biyu jika ɗaya. Ɗari ukun nan ashe 1,500 ce, jika da rabi, kusan naira dubu huɗu a takalmin da zan samu a Sabon Gari ba tare da an ji kaina ba, wanda ma ba na raba ɗaya biyu daga Kanon aka kawo shi. Na ce to a rage. Ya ce, "Ai kin ce kin saya." Na duƙa zan cire, Ummi ta ƙanƙame ƙafa ta buɗe baki. Na biya.

Abin haushi, kafin mu fita kasuwar babban ya riga ya haddace. Duk abin da aka faɗa sai ya lumshe ido ya ninka biyar, ya ce, "Mama, 750 ke nan, ki ce ya yi tsada." Har ya sa wa aikin lada: Solani, nonon ledar can, ɗaya mai sanyi duk fita. Ni da digirina ina bin ɗan aji biyu ya faɗa mini kuɗin tumatir.

Maganar farashi kuwa, mai naira ya cire rai da araha. Taliyar yara, sabulu, madara, omo, yawancinsu namu ne na gida, sun tsallaka iyaka sun yi girman kai. Da na sani da na ƙaro kunzugun Auta daga Kano, don wanda na saya can sai da na ji a jikina. Amma abin da ƙasarsu ta ba su, ba a magana. Zogalen da ake kawowa daga lambunan Jiratawa, a kwaɗa shi da ƙuli da albasa, kwana uku ina cin sa da rana. Nama na da ɗanɗano, kilishin ba a cika shi da kala ba. Burodinsu dogo ne siriri mai ɓawo, yarana ba su ci ba sai da suka gama faɗan takobi da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke sakin yara. A Kano gidan haya muke, get a rufe, in Ummi ta leƙa waje sai na bi ta da gudu. Nan kuwa da safe yara su fita kamar kaji, kowane babba a layin uba ne, ya tsawata ya kuma ciyar. Rana ta huɗu na fito wanka ban ga Ummi ba. Na duba ɗaki, na duba wajen awaki, na fita waje ba mayafi. Gwaggo na kan tabarma tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Amarya, zamna. Ɗiya ba ta ɓacewa a unguwar ga." Ban zauna ba. Gida na uku na same ta, a tsakiyar wasu mata da ban taɓa gani ba, an ƙunsa mata lalle a hannu ɗaya, ɗayan kuma tana cin tuwon gero da miyar kuka, abin da in na tuƙa a gida sai ta ce ita indomi. Matar gidan ta ce, "Ke ce uwatta? Bar ta ta ƙoshi." Na yi godiya, amma gaskiya cikina bai daina rawa ba sai da aka yi la'asar. Kuma ba komai na yarda da shi ba: duk wanda ya ɗauki Auta sai ya ɗura mata abin da yake sha, ni kuma ba damar na hana surukai. Sai na koma goya ta ko ba ta nema ba.

Mijin Gwaggo, Baba Alhaji, ya zaga da mu gari a motarsa. Da ya ce ga fadar Sarkin Katsina, babban ya ce, "Ba mun baro shi a Katsina ba?" Tsohon ya ji daɗin tambayar, ya rage gudu ya ba shi labari: bayan jihadi, a 1807, sarakunan Katsina na da suka bar birnin suka yo arewa, Ɗankasawa ya kafu a Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar ba ta canza suna ba. Ya gangara da mu wajen gulbi, yanzu yashi ne sai lambuna, ya ce tsohon garin a nan ƙasa yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. Da daddare kuma duk mazan gidan na gaban talabijin ana kallon kokawar takobi, gasar ƙasarsu da ake ba zakaranta takobi, Baba Alhaji na ta ba su labarin Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin a 1975. Washegari babban ya shiga yashi da 'yan'uwansa, aka kayar da shi sau huɗu, ya tsage wandon sallarsa.

Tafkin Madarumfa mun je, iska ta yi yawa, muka sayi kifi muka juyo. Garin Tsibirin Gobir a mota muka gan shi, Auta na kuka.

Ranar dawowa Gwaggo ta haɗa mana gero, da man gyaɗa, da busasshen zogale, da 'yar akuya ja da ta ce ta angonta ce. Da ƙyar maigidan ya lallashe ta ta riƙe masa ita amana. Iyaka wannan karon ko minti goma ba mu yi ba. Da safen nan na aiki babban shago ya sayo sukari na ɗari biyar, ya tsaya a ƙofa yana tambayata na dala ko na naira. Takalmin jika da rabi kuwa, ƙafa ɗaya ce ta iso Kano.