Abin da na kwaso daga furojet ɗina kan marsiyya

Difens, wato kare furojet ɗina a gaban malamai, ya wuce, sakamako ya fito, to yanzu bakina ya buɗe. Duk wanda ya zauna a sashenmu ya san malamin da nake nufi, ba sai na kama suna ba.

Shi malam abu ɗaya ya iya da waƙa, yanka baiti. Wane bahari ne, wato karin waƙar, Kamil ne ko Mutadarak, amsa-amo ya zauna ko ya zame, ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar. Ilimi ne, ban musa ba. Amma wani dattijo a Dukku ya ba ni aron takardun ajami cikin gafaka, duk sun yi ja, gara ta ci gefe, marsiyya ce da babansa ya yi wa tasa matar da ta rasu wajen haihuwa, kuma wallahi ko sau ɗaya mawaƙin bai ce ya yi kuka ba. Halinta kawai yake lissafawa, yadda take ajiye masa ruwan alwala kafin asuba, yadda almajirai ba sa kwana da yunwa in tana gida. Daga nan sai ya bar ta ya juyo kanmu masu rai, duniya ba wurin zama ba, ga kabari, ga tambayar Munkari da Nakiri, ga siraɗi, sannan ya rufe da roƙa mata gafara. Kusan haka Nana Asma'u ma ta bi a marsiyyar ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, yabon hali, sallamawa ga Allah, addu'a. Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara, shi ya sa ciwon sai ya ɓuya cikin yabo.

Wuri ɗaya ne karin ya karye a waƙar, ɗangon da ya ambaci sunanta, gaɓa ta yi yawa. Na rubuta cewa nan ne mutumin ya kasa riƙe kansa. Malam ya sa jan biro ya ce mawaƙin ne ba gwani ba, wai tatsuniya nake yi ba nazari ba, ya soke babin gaba ɗaya. Bayan 'yan watanni sai ga waƙar a takardar da ya gabatar a wani taro, har da maganar karyewar karin, babu sunana, babu na dattijon. Nawa da sauƙi, na dattijon ne ya fi min ciwo.

Ƙannena masu zuwa, kar ku miƙa wa kowa asalin takarda, hoto ya isa. Ku koyi karanta ajami da kanku, in da hali ku ɗan iya Fulatanci don a ƙasar Gombe da yawan tsofaffin waƙoƙin da shi aka rubuta. Kuma ku riƙa tura babi ta imel saboda kwanan wata.

Malam dai C ya ba ni a furojet ɗin. Na ji wai bana ma ya ba wata ɗaliba irin taken nawa, ya ce ta je Nafaɗa ta nemo takardu.