Gwaggo tace MoMo ba gaisuwa bace

Shekara biyu kenan ina cewa wata mai zuwa, wata mai zuwa. Tun rasuwar mijin gwaggo a Aboabo ban taka Kumasi ba. Ranar dai na buga waya nayi ta'aziyya, na tura kuɗi ta MoMo ranar sadakar uku, na sake turawa ta arba'in, a raina nace ai na fita haƙƙi. Ashe da sauran rina a kaba. Ƙanwata ce ta tsegunta min wai duk wanda yaje daga Ankara, tamu ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba, sai gwaggo ta tambaye shi ko ƙafata ce ta karye.

Toh farkon Nuwamba muka ɗaura niyya, ni da maman yara da babban ɗana mai sunan Baba, ƙananan muka barsu wurin kakarsu a Mamobi. Na kai tsohuwar motata wurin bakanike ya canza mai ya duba birki, ranar Asabar muna idar da asuba muka bar Nima, wai mu riga cunkoso, amma ina, tsakanin Pokuase da Amasaman sai da muka yi zaman da har na kashe inji.

A Nsawam ba sai ka sauka ba, kasuwa ce zata zo ta sameka a taga. Mata da burodi a kai suna gudu gefen mota, ga masu soyayyar doya da cofi, wato wutsiyar talotalo, ni dai cofi bana saye a hanya don ban san wa ya yanka ba. Burodi muka ɗauka manya guda shida, don ba a shiga gidan gwaggo hannu rabbana, dama akwai atamfa da turare da sukari a but.

Abinda yasa nake son tafiya a wannan lokacin na kaka shine hanyar kanta. Daga Suhum har ka wuce Nkawkaw zuwa Konongo, ko'ina an shanya koko a gaban gidaje, kokon da ake cakulan dashi ba na ƙosai ba, in ka sauke gilas wani tsami-tsami ne zai bugi hancinka. Ruwan ƙaramar damina bai gama ɗaukewa ba, duwatsun Kwahu sun yi kore shar da hazo a kansu. Matsalar ɗaya tireloli ne, masu kwasar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, in ka faɗa bayan ɗaya a hawa sai dai ka ja carbi. Kilomita wajen 250 ne fa kawai, amma awa bakwai muka ci kafin muka wuce Ejisu muka shiga gari.

Gidan gwaggo irin gidajen zongo ne na da, ɗakuna kewaye da tsakar gida, igiyar shanya ta ko'ina, kowace ƙofa da kurfotinta. Muka sameta kan tabarma da carbi a hannu. Ta rungume maman yara, ta kama hannun yaron tana "maraba da angona, ka zo da kuɗin cefane ko sai na kai ƙararka?" Ni kuwa ina tsugunne gefe kamar wanda yazo karɓar bashi, ko kallo ban samu ba. Sai can ta juyo tace da maman yara, "wannan baƙon fa, direbanku ne?"

Nace Gwaggo ina wuni, ya ƙarin haƙuri. Tace "haƙuri ai har ya tsufa ya fara furfura." Nace Allah ya jiƙan Baba Alhaji ya sa ya huta. Nan dai ta amsa da amin, ta share ido da bakin mayafi, sannan tace kuɗin sun iso duka, an yi sadaka dasu, Allah ya saka, amma MoMo bata tsugunnawa ta gaida mutum. Wallahi ban samu abin cewa ba. Tuwon masara da miyar ayoyo ne ya cece ni, don tana cewa a kawo min nawa a kwanon da Baba Alhaji yake ci nasan an fara saukowa.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, muka fito tsakar gida. Mai sunan Baba da Hausarsa ta 'yan Nima, rabi Turanci rabi Hausa da ɗan Tuwi a tsakiya, ya tambayeta wai mu asalinmu ina ne, tunda a makaranta in yace shi Bahaushe ne sai a ce toh ɗan Najeriya ne kenan. Gwaggo ta gyara zama. Tace kakanta Bakano ne, cikin fatake ya taso, suna ɗora wa jakuna kanwa da fata da tufafi suna tafiyar watanni zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga su koma. Da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar mutane suka bazu, wasu Kete-Krachi wasu Kintampo wasu Yeji, nasu gidan a hankali ya gangaro Kumasi kusa da inda goron yake fitowa. Wannan duk na sha ji. Wanda ban taɓa ji daga bakinta ba shine na 1969.

Tace irin wannan watan ne, Nuwamba, tana amarya da goyon fari, gwamnatin Busia ta bada sanarwa duk baƙon da bashi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. A zongo kuwa wa ke da takarda? Mutum an haifeshi a Kumasi, ubansa ma nan aka binne shi, amma babu abin nunawa. Yayanta, wan babana kenan, tela ne, tsoro ya kamashi ya sayar da kekensa a kuɗin da bai kai na ƙafar keken ba, ya hau babbar mota da matarsa da buhu ɗaya. Tace ita ta riƙe masa butarsa yana hawa, motar ta tashi butar na hannunta. Wasiƙa ɗaya tazo daga Kano, bayan nan shiru har yau. Sai ta juyo inda nake a cikin duhun tace, "shi hukuma ce ta raba mu. Kai wace hukuma ce ta hanaka?"

Yaron ne ya fara dariya, sai kowa ya kama, ni ma nayi amma ta ciki na ciki.

Da safe na hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, na leƙa Asawase wurin abokina da muka yi makarantar allo tare, muka sha shayi a teburin da muke sha tun muna samari, yanzu ɗan mai shayin ne ke haɗawa. Kasuwar Kejetia ban ma shiga ba, maman yara ce taje ta dawo tana cewa ƙafarta ta mutu.

Daga nan sai Ejura wurin kawu, kamar kilomita 100 ta hanyar Mampong. Ka gama kwane-kwanen dutsen nan ka gangara sai kaga daji ya buɗe, itatuwa sun rage, ciyawa ta fara ja, iska ta bushe, leɓe ya fara sanar da kai hunturu na hanya. Kawu manomi ne, bashi da doguwar magana, gaisuwa ce da addu'a sai ya sa yara suka fara jido doya, pona zalla. Nace Kawu ya isa haka, yace "kai da mota ka zo ko da keke?" Sai da but ya cika aka ɗora saura a ƙafar mai sunan Baba. Duk tudun rage gudu da muka hau daga Ejura har Ankara sai cikin motar ya gurza ƙasa, maman yara na salati ni ina lissafin kuɗin salansa.

Litinin da dare muka shigo Nima, doya kuwa har maƙwabta na layi na biyu sun samu. Washegari sai ga saƙon murya a WhatsApp daga wayar jikar gwaggo, gwaggon ce, wai na manta ƙullin daddawa da kwalbar man shanu da ta ajiye min a bayan ƙofa. Nace Gwaggo a bawa direban bas mana in karɓa a tashar Circle. Tace ba zata bawa kowa ba, suna nan inda na barsu.