Takardar Da Ta Kwana Uku Ban Sa Mata Hannu Ba

'Yar farina tana aji 10 a nan Amurka lokacin da ta kawo mini takardar. Sansanin koyon tsaron intanet ne na mako guda a dogon hutu, a wata jami'a kusa da mu, kuma ba a biyan ko sisi. Sunan shirin GenCyber. An fara shi a 2014, hukumar tsaro ta NSA da gidauniyar kimiyya ta NSF ne suka ɗauki nauyinsa. Da na ga sunan hukumar tsaro, gabana ya faɗi. Me ya haɗa yarinya mai hijabi da masu kutse? Kwana uku takardar tana kan tebur, ina wucewa ina kallonta.

Malamarta ta lissafi ce ta kira ni. Ta ce duk shekara maza ke cika sansanin, ba don sun fi ƙwaƙwalwa ba, su dai ba sa jiran a ce musu sun cancanta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma a sakandare ban taɓa ɗaga hannu a ajin kimiyya ba, ko da na san amsa.

Daga ƙarshe na sa hannu. Ranar farko 'yata ta dawo ta rubuta NDQR a takarda ta manna a firij. "Umma, karanta." Na kasa. Ta ce in mayar da kowane harafi baya taki uku. N ya koma K, D ya koma A, sai ga KANO ta fito. Ta ce haka Yuliyas Kaisar yake ɓoye saƙonninsa tun zamanin Rumawa. Ranar Laraba kuma suka wuni suna bin saƙonnin imel na bogi, suna gano inda ɓarawo ya sauya harafi ɗaya a adireshi. Kafin a koya musu komai sai da aka yi musu kashedi: ba a taɓa na'urar wani sai da izininsa. Wannan ne ya kwantar mini da hankali.

Bayan wata biyu gwaggonta ta kira daga Kano. Wani ya bugo mata, wai an sa ta a taron ƙungiyar Islamiyya, ta karanto masa lambobi shida da za su shigo wayarta. Yarinyar nan ta karɓi wayar daga hannuna. "Gwaggo, don Allah kada ki faɗa masa. Mabuɗin WhatsApp ɗinki ne." Ta zauna da ita kusan rabin awa, a hankali, har ta sa mata lambar sirri ta biyu.

Yanzu matan gidanmu ita suke turo wa duk saƙon da ba su yarda da shi ba. Ƙanwarta kuwa ta riga ta tambaye ni wace shekara za ta kai aji 9.