Kafin a Duba Sakamako, a Duba Jadawali: Rayuwar 'Yan Mata a Makarantun Sistoci

A Arewa, in aka ce yarinya tana makarantar Sistoci, ana nufin an kai ta wurin da ake karatu da gaske. Wannan suna ba jiya aka same shi ba. Sistocin St. Louis, mata masu hidimar Cocin Katolika, sun sauka Kano a 1948 daga ƙasar Ailan, kuma har yau makarantunsu na Bompai a Kano da na Jos suna yaye ɗalibai. A Kakuri ta Kaduna, Sistocin Our Lady of Apostles (OLA) ne suka kafa Queen of Apostles, wadda gwamnati ta karɓe a shekarun 1970 ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. A Yamai akwai makarantar Mariama. Musulmi da Kirista duka suna kai 'ya'yansu irin waɗannan makarantu, saboda tarbiyya da tsabta da kuma takardar WAEC mai kyau.

Sai dai kyan sakamakon nan yana da farashi, kuma yarinya ce take biya da jikinta. Abin da zan faɗa bai shafi wata makaranta ɗaya ba. Tsari ne da ake samu a yawancin makarantun kwana masu tsananin karatu, kuma gyaransa bai fi ƙarfin shugabar makaranta mai niyya ba.

A fara da agogo. Ana kaɗa ƙararrawar tashi wajen ƙarfe 5 na asuba, a yi wanka, a yi shara, a tafi sujadar safe, a karya kumallo, a shiga aji daga 8 zuwa 2. Bayan abincin rana akwai ɗan hutu, sai karatun yamma, sai abincin dare, sai karatun dare har 9:30, a kashe fitila ƙarfe 10. A lissafa: awa 7 ke nan na barci, in har yarinya ta yi barci da zarar kanta ya taɓa filo. Likitocin barci kuwa sun ce mai shekara 13 zuwa 18 tana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ke nan tun a takarda ana bin ta bashin awa ɗaya kowane dare. 'Yar SS3 kuma ba ta tsayawa nan. Tana shiga bargo da tocila har 12, ko ta tashi ƙarfe 3 ta zauna a baranda da littafin kemistiri, wasu har da cin goro ko shan Nescafe ba madara. A mako guda bashin ya kai barcin dare ɗaya cur ko fiye.

Dalilin da ya sa wannan yake cutar da karatun da ake nema shi ne, a cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Yarinyar da ta yi awa 5 za ta iya rantsewa ta karanta babin sau uku, kuma gaskiya ta faɗa, amma ranar jarrabawa sai ta ga kamar an share allo. Malami ya ce ba ta karatu, ita kuma ta ƙara rage barci. Gyaran yana da sauƙin faɗa: a dawo da kashe fitila 9:30, a ɗaga tashi zuwa 5:30, a hana darasin ƙari a lokacin hutun rana ko da malamin lissafi ya rantse bai gama manhaja ba. Matiron ta zaga ɗakunan kwana sau biyu, wajen 11 da wajen 3, ba da bulala ba. In ta samu mai karatu ta ce mata "'yata, rufe littafin nan, gobe ma rana ce," washegari kuma ta sanar da malamar ajinta, domin mai tashi ƙarfe 3 tsoro ne yake tashe ta, kuma tsoron ne abin bincike.

Tsoron yana da tushe. A cikin wata huɗu zuwa biyar 'yar SS3 za ta zauna jarrabawar gwaji ta makaranta, da JAMB, da WAEC, da NECO. Tana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma kiredit a WAEC yana farawa daga C6. Amma a makarantar da ake alfahari da A1, yarinyar da ta samu B3 tana jin kamar ta faɗi. JAMB maki 400 ne, kuma a sakamakon farko da aka fitar a 2025 sama da mutum miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna ba su kai 200 ba. Ya kamata a riƙa nuna wa yara da iyaye wannan adadi, don mai 240 ta san inda take tsaye a ƙasa baki ɗaya, ta daina auna kanta da mutum uku da suka fi kowa a ajinta.

Akwai al'adu biyu da nake ganin lokacin barinsu ya yi. Ɗaya ita ce karanta sakamako a filin taro daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ko manna shi a allon sanarwa. Ana cewa yana zaburar da rago. Abin da yake yi a zahiri shi ne, goman farko su ƙara ƙaimi, goman ƙarshe su cire rai, na tsakiya kuma su fara ɓoye littafin rubutu ga ƙawaye. A yaba wa masu ƙoƙari a fili, ba laifi, amma a haɗa da wadda ta tashi daga 42 zuwa 58 a lissafi. Sauran sakamakon a miƙa wa kowa a hannunta. Ta biyu ita ce tura yarinya ajin kimiyya a SS1 saboda Baba yana son likita a gida. A duba makinta na lissafi da kimiyya na shekara uku na ƙaramar sakandare, a zauna da ita ita kaɗai a ji ta bakinta, sannan a kira iyaye. A kuma bar ƙofar sauya aji a buɗe har ƙarshen zangon farko. Bayan an shiga SS2 sauyawa tana zama wahala, domin an rasa darasin shekara guda.

Sai jiki. Yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 na sinadarin ƙarfe a rana, kuma tana zubar da wani kaso kowane wata a jinin al'ada. Abincin da ya tsaya kan shinkafa da tuwo da burodi, nama yanka ɗaya sau biyu a mako, ba ya cike wannan. Alamar ƙarancin jini ita ce gyangyaɗi a aji, jiri in an tsaya a filin taro, haki a matakala, cikin fatar ido ya yi fari. Sau da yawa ana kiran wannan lalaci. Wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale da alayyafo suna taimakawa, musamman in an haɗa da lemo ko tumatir. Shayi kuwa yana rage yadda jiki yake tsotse sinadarin, don haka a raba shi da babban abinci da kamar awa guda. Gwajin jini na PCV a farkon shekara ba shi da tsada, kuma yana warware rigingimu da yawa tsakanin malami da ɗaliba.

Ruwa da banɗaki suna da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lita 20 a rana ga kowane ɗalibin kwana a matsayin mafi ƙaranci, da banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25. Iyaye su ƙirga da kansu ranar ziyara. Audugar mata ana sauya ta kowane awa 4 zuwa 6, ke nan dokar "ba fita har a tashi darasi" ba ta yiwuwa a makarantar mata. A ajiye auduga a ɗakin shan magani da wurin malamar kowane aji, a bayar ba tare da rubuta suna ba, a sa bokiti mai murfi a kowane banɗaki. In babu bokitin, audugar za ta tafi masai, bututu ya toshe, a hukunta ɗaki guda.

Masu sikila suna buƙatar tsari nasu a rubuce: gorar ruwa a kan tebur a kowane darasi, ruwan ɗumi na wanka lokacin hunturu, rigar sanyi ko da ba ta cikin kayan makaranta, gidan sauro, a kuma cire su daga hukuncin tsallen kwaɗo da yankan ciyawa a rana. Sanyi da ƙishirwa da gajiya da zazzaɓi su ne suke tayar da ciwon. Zazzaɓi ko ciwon ƙirji ga mai sikila na asibiti ne a daren nan, ba a jira gari ya waye. Dokar Najeriya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya wuce. Gangaren keken guragu ana yin sa mita 12 a tsawo ga kowace mita 1 ta tudu. In gini bai ba da dama ba, a sauko da ajin ƙasa gaba ɗaya maimakon a riƙa ɗaukar yarinya a goye.

Batun addini shi ne wanda aka fi kaffa-kaffa da shi, alhali yana da dokoki bayyanannu. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashen ya kuma ba al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyi. Cocin Katolika kanta, a sanarwar Nostra Aetate ta 1965, ta ce tana kallon Musulmi da girmamawa. Abin da ya rage shi ne aiki: ɗaki mai tsabta na salla kusa da famfo, minti 15 na azahar da la'asar a cikin jadawali, da wani abu mai ma'ana da yarinya Musulma za ta yi lokacin sujada, don kada a mayar da ita mai shara saboda tana da "lokaci". A shekarun nan Ramadan da azumin kwana arba'in na Kirista suna faɗowa tare, kuma dab da manyan jarrabawa. Sahur yana nufin a buɗe kicin wajen ƙarfe 4, a ajiye abincin buɗa-baki da zafinsa, a mayar da wasanni bayan magariba ko a sassauta su. A ɓangaren Katolika, azumin dole na Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau yana farawa ne daga shekara 18, ƙaurace wa nama kuma daga 14. Don haka 'yar JSS2 da ta daina cin abincin rana da sunan ibada tana buƙatar Sista ta zauna da ita, domin wani lokaci ƙin cin abinci yana fakewa a bayan azumi. Kada kuma a manta da 'yar ECWA ko Baftis ko COCIN, wadda ake ɗauka ba ta da wata damuwa tunda Kirista ce, alhali ba ta karɓar Jibin Ubangiji tare da sauran, kuma tana jin bambancin kowace Lahadi. A rubuta duk wannan a takardar shiga makaranta, iyaye su karanta kafin su biya kuɗi.

Wariyar da ta fi ciwo ba a cika ganin ta ba: ta aljihu. Ranar ziyara wata tana karɓar kula uku na abinci, wata tana zaune a aji tana kamar karatu. A ƙayyade kayan masarufin da ake kawowa, a ware malama da za ta zauna da waɗanda ba a zo musu ba. Bashin kuɗin makaranta magana ce tsakanin ofis da iyaye. Kiran sunan yarinya a taro saboda shi hukunci ne kan laifin da ba ta yi ba. Haka kuma a sa ido kan 'yan manyan aji da suke ɗaukar ƙanana "'yar ɗaki": wani lokaci kulawa ce, wani lokaci wanki da ɗiban ruwa ne da ƙwace madara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa ko damuwa. A aji mai mutum 42, shida ke nan. Abin lura shi ne sauyin da ya wuce mako biyu: mai surutu ta yi shiru, maki ya faɗi a duk darussa lokaci ɗaya, kuka ba dalili, yawan zuwa wurin nas da ciwon kai ko ciki, dogon hannu a tsakiyar zafi. Mai ba da shawara kada ta zama ita ce mai ladabtarwa, in ba haka ba ba wadda za ta buɗe baki. Ɗakinta ya kasance inda shiga ba ya zama labari. Ta gaya wa yarinya tun farko cewa za ta riƙe sirri, sai abin da ya shafi rai ko cin zarafi. In ana zargin tana tunanin kashe kanta, a tambaye ta kai tsaye cikin natsuwa. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ta ce eh, ba a barin ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya da reza, a kira iyaye a ranar, a kai ta wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

Akwai kuma abin da duk wanda ya san makarantar mata ya sani: yarinya ta faɗi tana haki, hannuwa sun ƙage, kafin minti goma wasu huɗu sun bi ta, ɗaki ya ɗauka da ihun iska. Addu'a tana da wurinta, kuma ba wanda zai hana. Amma a fara da watsa taron, domin kallo ne yake yaɗa abin. A kai kowacce ɗaki dabam, a sassauta mata kaya, mutum ɗaya ya zauna kusa yana numfashi tare da ita, shaƙa a ƙirga huɗu, fitarwa a ƙirga shida. Ba a ɗura ruwa a bakin wadda ba ta cikin hayyacinta, ba a danne mai jijjiga, a kwantar da ita a gefe. Nas ta auna zafin jiki da sukari, ta yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ta duba ko akwai tarihin asma ko farfaɗiya. Jijjigar da ta wuce minti 5 ta asibiti ce nan take. Bayan komai ya lafa, a buɗe littafin ɗakin shan magani a duba kwanan wata, a ajiye shi kusa da jadawalin jarrabawa, a tambayi kowace yarinya ƙarfe nawa ta kwanta a darare uku da suka wuce da abin da ta ci da safe.