Akwatin busar da tumatir: yadda muka shirya ɗalibai huɗu don gasar ƙirƙira

Makonni takwas muka samu kafin gasar, kuma a makon farko ban bari an taɓa ko guduma ba. Ɗalibai huɗu ne daga ƙungiyar JETS ta makarantarmu (ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha), 'yan aji biyu na babbar sakandare. Na ce kowa ya kawo matsala uku da yake gani a unguwarsu. Biyu sun zo da maganar jirgi marar matuƙi, amma da na tambaye su wa zai amfana, kuma da wane kuɗi za mu haɗa, sai aka yi shiru. Muka tsaya a kan tumatir. Duk mai bin hanyar Zariya da rani ya ga yadda ake shanya shi a ƙasa, ga ƙura ga awaki, kauɗar ta fito baƙa.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai matarar zafi: kwano mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, an shafe shi da baƙin fenti, an rufe da gilashi, da tazarar santimita 10 a tsakani don iska ta bi. Muka kwantar da ita da digiri 15 tana kallon kudu, domin Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, kuma da hunturu rana kudu take karkata. Sai akwatin katako a samanta mai faranti uku, tazarar santimita 15 tsakanin kowanne. Kwano da ƙarafa a Panteka muka tsinto, fanka kuwa ta tsohuwar kwamfuta ce mai bolt 12.

Gwajin farko ya lalace, kuma a nan ne yaran suka fara koyon wani abu. Sun toshe akwatin ruf, a ganinsu zafi ne kaɗai ke busarwa. Kafin la'asar raɓa ta taru a jikin murfin, tumatirin ya dahu maimakon ya bushe, bayan kwana biyu ya yi funfuna. Ban gaya musu amsar ba. Na tambaye su ina ruwan da ya fita daga tumatirin ya tafi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Malam, ai bai tafi ko'ina ba." Su da kansu suka huda kafa biyar a sama ta baya, suka rufe da raga saboda ƙuda.

Sai fanka ta ƙone. Farantin solar da ke ba ta wuta, mai wat 10, wanda ake ce wa na bolt 12, yakan ba da wajen 18 idan rana ta take, har ya haura 20 in ba a ɗora masa komai ba. Muka sa LM7812 a tsakani, wato ɗan abin da ke tsayar da wuta a bolt 12, da ɗan ƙarfen da ke janye masa zafi. Ragar ƙarfe ta kejin kaji da muke shimfiɗa tumatir a kai ma ba ta yi ba, tsamin tumatir ya ci ta har ta bar tabo a jikin yankan, muka koma ragar roba. Ma'aunin zafi na DHT11 da muka fara jonawa da Arduino (ɗan allon lantarki mai karanta awon) iyakarsa digiri 50 ne, alhali abin da ake nema a cikin akwatin 50 zuwa 60 ne, don haka muka canza shi da DS18B20, wanda ke buƙatar rizista (mai taƙaita gudun wuta) ta om 4,700 a wayar saƙonsa. A bar fenti ya sha rana kwana huɗu ko biyar kafin a sa abinci, in ba haka ba warinsa zai kama kauɗar.

Abin da na fi matsa musu a kai shi ne littafin awo. Kowane gwaji kilo 2 a cikin akwati, kilo 2 a kan tabarma a fili, daga kwando ɗaya, yanka ɗaya mai kaurin rabin santimita. Ana ɗora wa sikeli da ƙarfe 9, da 12, da 3, da 5, a rubuta nauyi da zafin ciki da na waje. Tumatir wajen kashi 94 cikin 100 ruwa ne, ke nan kilo 2 yana ɗauke da giram 120 na tsurar nama, in ya bushe sosai zai tsaya kusa da giram 140. Na sa sun yi wannan lissafin tun kafin gwaji, don su san inda suka dosa. Sau uku aka maimaita. Na hana su yage shafin gwajin da ya lalace, domin alƙalai sun fi yarda da littafin da ke da kuskure da gyaransa a kan wanda komai ya tafi sumul. Ranar da hazo ya yi kauri zafin ya sauka, wannan ma an rubuta, tare da cewa goge ƙurar gilashin kowace safiya wajibi ne.

Kuskurena shi ne jinkirta atisayen bayani har makon ƙarshe. Ya kamata a fara tun mako na huɗu. Yaron da ya haɗa wayoyin da hannunsa ya daburce da malamar lissafi ta tambaye shi dalilin baƙin fenti. Daga nan kullum bayan tashi sai mu gayyato malamin da bai san aikin ba, kowane ɗalibi ya yi bayanin minti uku, kuma kan ɓangaren da ba shi ya haɗa ba. Ni kuwa ina can baya, bakina a rufe.

A cikin zaure ake yin gasar, babu rana, wuta ma ba a dogara da ita. Muka tafi da ƙaramin batir mai bolt 12 don a ga fanka tana juyawa, da jadawalin raguwar nauyi a kan kwali, da takardar kuɗin kowane kaya, da sukundireba da salatif saboda jijjigar mota takan kwance waya. A gaban teburin muka ajiye kwalba biyu, ɗaya kauɗar akwati ɗaya ta tabarma, kowace da ranar da aka shanya ta a rubuce.