Yadda nake sa ɗan jirgin ƙasana yin hon da ƙararrawa

Assalamu alaikum jama'a. Tunda na saka bidiyon ɗan jirgin ƙasan da nake harhaɗawa a bayan shagona ake ta tambayata wai ƙarar injin ɗin nan ɗorawa na yi da waya ko kuwa daga jikinsa take fita. Daga jikinsa take fita wallahi, kuma ni nake danna kowacce a lokacin da nake so. Bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta.

Jirgin girman da ake cewa HO ne, wato ka raba jirgin gaske gida 87 ka ɗauki ɗaya, faɗin layinsa milimita 16.5 kacal. Tsarin da ake tuƙa shi da shi sunansa DCC, kamfanin Lenz na Jamus ne ya fito da shi, sai NMRA, ƙungiyar masu harhaɗa irin waɗannan ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, shi ya sa rimot ɗin wani kamfani yake tuƙa jirgin wani kamfanin daban. A tsohon tsari wuta kake ƙarawa a layi jirgi ya ruga, ka rage ya tsaya, to in ya tsaya ai babu wuta kenan, ba fitila ba ƙara. A DCC kuwa wuta tana kan layi kullum, wajen bolt 14 zuwa 16, kuma a cikin wutar saƙon yake tafiya. Cikin kan jirgin akwai ɗan dikoda mai lambarsa, sabo fil daga kwali lamba 3 yake amsawa, shi yake karɓar saƙon ya juya mota ko ya kunna fitila ko ya fitar da sauti ta 'yar sifikar da aka ɓoye a ciki.

To maɓallan da ake dannawa su ne daga F0 har F28. F0 fitilar gaba ce kusan a ko'ina, daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Jiragen Amurka yawanci F1 ƙararrawa, F2 hon ko usur. F8 shi ne mai rikita mutane, a dikodan LokSound na kamfanin ESU da aka sa wa sautin Amurka shi yake tada injin, a na SoundTraxx kuma shi yake kashe sautin gaba ɗaya, ka ga maɓalli ɗaya aiki biyu masu karo da juna. Na Turai da yawa F1 ne yake kunna sautin. In na hannu ka saya babu takarda, wanda yawancinmu shi muke iya saye da wannan tsadar dalar, sai ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta a jikin kwali ka manna kusa da rimot.

Akwai kuma bambancin da ba a cika kula da shi ba. Wani maɓallin in ka danna ya kama kenan sai ka sake dannawa zai saki, irinsa ya dace da fitila da ƙararrawa. Wani kuma iya lokacin da yatsanka yake kai ne yake aiki, shi ake so ga hon, don ta haka ne kake iya ja dogo ko ka ɗan taɓa gajere. Rimot da yawa sun riga sun saita F2 a haka, amma in hon ɗin jirginka yana wani wajen, misali F3, sai ka danna ya yi ta kuka bai daina ba kana tsammanin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau, maɓallin ne ya riƙe. Ni da waya nake tuƙi, manhajar Engine Driver, ƙwaƙwalwar da ke tura saƙon zuwa layi kuma manhajar DCC-EX ce a kan ɗan allon lantarki mai suna Arduino Mega da batirin sola yake riƙe min ita, a nan ana iya zaɓar wa kowane maɓalli halinsa. Wannan hanyar ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba ga wanda ya iya riƙe abin soda.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake danne-dannen. Yaran unguwa in na ba su waya sai su danna komai lokaci ɗaya, hon da ƙararrawa da birki da sanarwar tasha, wuri ya koma kamar tashar mota ranar kasuwa. Jirgi ba haka yake ba. Mu nan ƙasar Ringim layin Kano zuwa Nguru ta wajenmu ya bi, wanda aka gama tun 1930, ya wuce ta Malam Madori, kuma akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin reluwe, yana zama bakin shagon da yamma. In na tada jirgin da gaggawa sai ya ce kai yaro wane direba ne yake tada inji ya fizga nan take, sai in ce Baba a yi haƙuri a gyara min. Kunnensa ya fi kowace takarda amfani a wajena.

Ga yadda nake yi yanzu. In tada injin in bar shi ya yi ta gurnani a tsaye tukunna, in kunna fitila, in saki ƙararrawa, hon biyu, sannan in fara murɗawa a hankali, injin ya ɗaga murya kafin taya ta motsa. Abin da yake kawo wannan nauyin shi ne saitin CV3 na tashi da CV4 na tsayawa (CV gurabe ne na saiti a cikin dikoda da ake rubuta wa lamba), in ka ƙara lambarsu jirgin yana jan jiki kamar da gaske yana jan taragai, ƙarar birkin ma da kanta take fita in ya zo tsayawa ba sai ka danna komai ba. Wajen da titi ya ratsa layi kuma ina bin dokar Amurkawa tunda jirgin nasu ne, dogo, dogo, gajere, dogo. Mai jirgin kwal kuma ya ƙirga, mai silinda biyu huci huɗu yake yi a kowane juyin taya, in naka yana yin shida ko uku to saiti yake so.

Sai matsalarmu ta nan, ƙura. Da hunturu layin da ka goge da safe kafin la'asar ya yi fari, kuma dikoda mai sauti ba ya jure yankewar wuta ko ta ƙiftawar ido, sai ka ji sautin ya ɗauke injin ya sake tashi daga farko ana tsakiyar tafiya. Wani lokacin ma ka danna hon shiru don saƙon bai isa ba. Tsumma mai tsabta da sifirit a goge layi da tayoyi, a rufe teburin da zani in an gama, sannan a sa masa kafasita mai riƙe wuta ta ɗan lokaci, ita take tsallakar da shi wajen datti.

Ƙarar kuma a rage ta don Allah, yadda suke zuwa daga kamfani ta yi yawa, sifikar har karkarwa take. A LokSound CV63 ne, a SoundTraxx CV128. Wanda ya yi ta taɓe-taɓe har ya rasa gane kan dikodansa, a waɗannan biyun ya rubuta 8 a CV8 zai koma yadda ya fito, amma ya tuna lambar jirgin ma ta koma 3, a can zai neme shi a rimot.