Lamba 40 da lamba 20 a littafin kakana

Bayan rasuwar baffana aka miƙo mini wani akwatin ƙarfe da tsatsa ta ci marfinsa, aka ce tunda ni ne mai son tone-tone, in riƙe. A ciki na tarar da manyan littattafan lissafi uku, da damin rasiɗai da aka ɗaure da zare, da wasu ƙyallaye da aka liƙa a jikin kwali, sai ƙoshiyar saƙa guda ɗaya mai bakin ƙarfe wadda hannu ya goge ta har tana sheƙi. Abin da ya rage ke nan na masaƙar kakana.

Labarin da muka tashi da shi a gida gajere ne, kuma kowa ya haddace shi: kaka yana da babbar masaƙa mai injuna sama da ashirin, yana saƙa yadi mai kyau, sai abokin kasuwancinsa ya ci amanarsa, komai ya rushe. Na shiga binciken da niyyar in samo hujjar wannan labari in rubuta wa ƴan baya. Wata shida na yi ina kallon littattafan nan kamar baƙauye a tashar jirgi, ina karanta kowace kalma amma ban san abin da suke faɗa ba.

Kuskurena na farko ya kusa shiga rubutun. A shafukan sayen zare, gefen kowane layi akwai lamba. A littafi na farko 40 ce ta fi yawa, a na uku kuwa kusan duk 20 ce. Sai na ɗauka adadin damin zaren da ake saya ne, na yi murna na gano shekarun da kasuwa ta faɗi, har na zana jadawali a kwamfuta mai nuna aiki ya ragu da rabi. Da wannan jadawali na je wurin wani dattijo da ya yi aiki a masaƙar yana saurayi, wanda goggona ta yi mini kwatancensa. Ya ɗora littafin a cinya, ya bi layin da yatsa, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, wannan ai ba yawa ba ne. Kaurin zare ne."

Na ce, "Baba, to wanne ya fi kauri, 40 ko 20?" Sai da na maimaita da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi.

Ya ce 20, kuma nan ne wanda bai san sana'ar ba yake faɗuwa. A tsarin awon zaren auduga da ya fito daga Ingila, ana ƙirga ƙullin zare nawa ne, kowanne mai tsawon yadi 840, za su yi nauyin laba ɗaya, wato kusan giram 454. Zare mai lamba 20 yana ba da yadi 16,800 a laba, mai lamba 40 kuwa yadi 33,600. Lamba tana hawa, zare yana sirancewa. Ashe abin da littafin yake faɗa shi ne kaka ya bar saƙa yadi mai laushi ya koma mai kaushi, irin su akoko. Aiki bai ragu ba a lokacin, sauya kasuwa aka yi, kuma sauyi ne na wanda aka tura bango: yadi mai kauri yana cin auduga da yawa a kowane yadi, ribarsa siririya ce, da zarar farashin zare ya motsa kaɗan sai ta ɓace. Na goge jadawalina a daren.

Daga ranar na ajiye neman sunan kaka a takardu na koma koyon sana'arsa. Na koyi bambancin zaren tsaye da abawa, wato zaren da ke gittawa, da yadda ake wadari, wato jera zaren tsaye, da dalilin da ya sa ake shafa wa zaren tsaye sitaci kafin a ɗora shi a inji don kada ya riƙa tsinkewa. Da ban san wannan ba, da buhunan sitacin da ke cikin rasiɗai sun ci gaba da ba ni mamaki (na taɓa zaton wata sana'a ce daban yake yi a gefe).

Sanin sana'ar ne kuma ya wanke goggona daga zargin da na yi mata a zuci. Littafin albashi yana nuna masu saƙa ƙalilan, ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba, sai na ce injuna ashirin ɗin nan ƙarin gishiri ne irin na ɗiya mai kewar mahaifinta. Amma a rasiɗan kayan gyara sunan Northrop yana ta maimaituwa. James Northrop mutumin Ingila ne da ya yi aiki da kamfanin Draper a Hopedale ta jihar Massachusetts a Amurka, inda a shekarun 1890 aka fito da injin saƙa mai sauya kwarkwaron abawa da kansa idan zare ya ƙare, ba tare da ya tsaya ba. A 1902 aka kafa kamfanin ƙera irinsa a Blackburn ta Ingila. A tsohon inji, masaƙi ɗaya galibi injuna huɗu yake kulawa da su, don dole ya tsayar ya cika ƙoshiya da hannu. Da na Northrop mutum ɗaya yana riƙe ninkin wannan sau da yawa. Lissafin goggo daidai yake. Takardar ma ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban iya karatunta ba.

Littafi na biyu ba shi da shekara ko ɗaya, ranaku da watanni kawai, don mai rubutun ya san shekarar da yake ciki, bai yi tunanin jika zai zo yana tambaya ba. Rini ne ya cece ni. A tsakiyar littafin sunan Procion ya fara bayyana cikin kayan da aka saya, kuma kamfanin ICI na Birtaniya ya fito da wannan rini ne a 1956, shi ne farkon rinin da ke haɗewa da zaren auduga har wanki ba ya fitar da shi da sauƙi. Ke nan duk shafin da sunan yake kai bai girmi 1956 ba. Irin wannan dabara tana aiki da abubuwa da yawa a wannan sana'a: baban rini na kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ko zaren roba na Terylene da aka ƙirƙiro a Ingila a 1941 amma bai cika kasuwa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu da shekaru. Sai dai tana da iyaka. Tana gaya maka abu bai riga shekara kaza ba, ba ta gaya maka yaushe ya iso hannun mutuminka. Haka ma shekarar da ke jikin farantin inji ta ƙira ce, ba ta saye ba, kuma ƙananan masaƙu sun fi sayen injin da ya riga ya tsufa a wani wuri.

Sauran aikin na ƙafa ne da haƙuri. Ofishin rajistar kamfanoni, jaridar gwamnati da ake buga sanarwar rabuwar abokan kasuwanci da karyewar jari, tallace-tallace a tsofaffin jaridu, takardun inshorar gobara, waɗanda a harkar auduga suke da daraja sosai tunda ƙurarta ba ta wasa da wuta, don haka sukan bayyana girman gini da abin da ke cikinsa. Na tarar an rubuta sunan kaka iri uku, wani ma'aikacin ajiyar takardu kuma ya mayar da ni sau biyu yana cewa babu fayil ɗin, alhali da ɗayan rubutun sunan aka ajiye shi. Na kuma yi wautar ɗaukar hotunan takardu fiye da ɗari ba tare da rubuta inda na samo kowace ba, sai da na koma na sake bi ɗaya bayan ɗaya.

Maganar cin amana ita ce ta fi yi mini nauyi. Takardar rabuwar tana nan, da sa hannun su biyu da na shaidu. Bashin mai sayar musu da zare ya taru, aka raba kaya da bashi, abokin ya ɗauki wasu injuna a matsayin kasonsa, ya kuma ɗauki kaso mafi girma na bashin. Ban ga alamar zamba ba. Da na karanta wa goggo, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni dai na ga an loda injunan Baba a mota, shi kuma yana tsaye bai ce uffan ba." Shekararta ba ta kai goma ba a lokacin. Abin da ta gani gaskiya ne, kuma yarinya mai waɗannan shekaru ba ta da wata fassara da za ta ba shi. Ban yi mata gardama ba. A rubutun na sa maganarta da bakinta, na sa takardar a gefenta. Amma ra'ayina shi ne iyalin wancan mutumin, in suna raye, mun ɗauki alhakin kakansu shekaru masu yawa.

Akwai kuma shafin da na so a ce ban buɗe ba. A littafin albashi akwai wani siririn layi na ragi. Masaƙi ana biyansa ne da yawan abin da ya saƙa, kuma in an ga aibu a bandir, tsinkewar zare ko tabon mai, sai a yanke masa. Wasu makonni ragin ya yi yawa har na ji kunya. Na tambayi dattijon ko kaka mai tsanani ne. Ya ce haka ake yi ko'ina, ya ce kuma ranar da ƙoshiya ta fita daga inji ta fasa wa wani goshi, maigida da kansa ya ɗauke shi zuwa asibiti. Bai ce komai game da kunnensa ba, ko tarin da ke katse masa magana, duk da likitoci sun daɗe da sanin cutar huhu da ƙurar auduga ke jawo wa ma'aikatan masaƙa. Ya dai nuna mini yadda suke magana da leɓe da hannu a cikin ƙarar injuna, har yanzu bakinsa yana buɗewa sosai in yana magana.

Da zan tafi na buɗe masa shafin sunayen ma'aikata, ina karantawa da ƙarfi kusa da kunnensa. Duk sunan da na kira sai ya faɗi injin da mutumin yake riƙewa, na kusa da taga ko na bakin ƙofa, da wanda ya iya ƙulla zare da hannu ɗaya. Na zo wani suna ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ba masaƙi ba ne, shi ke gyaran inji. Ka rubuta shi daban, ya fi mu albashi."

Na duba layin kuɗin, haka ne. Na zaro biro na gyara.